Tsohuwar mota: a duba ƙafafunta kafin a yi lodi

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Korahane, kowa ya san motocin da ke kai mu kasuwar Dakoro. Yawancinsu tsofaffi ne. Su ke ɗaukar mutane, da buhunan gero da wake, da tumaki da awaki. Akwai Toyota, akwai kuma sauran Peugeot. An fara ƙera Peugeot 404 a Faransa a 1960, 504 kuma a 1968. A 1975 aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna, cikin Najeriya.

Motocin nan ba su nan yadda aka ƙera su. Nauyin kaya ya kwantar da sifirin, wato ƙarafan da ke ɗauke da jikin mota, har wata ta zauna ƙasa. Wata an ƙara mata ƙarafa a baya don ta ɗauki lodi mai yawa. Wata an sa mata tayoyin da ba nata ba. Duk lokacin da tsayin mota ya sake, zaman ƙafafunta yana iya sakewa. Daga nan matsala take farawa.

Mu ɗauki misalin shanun huɗa. In ɗaya ya ja gabas, ɗaya ya ja yamma, kunya ba ta miƙewa, shanun kuma su gaji. Haka tayoyin gaba suke. In ba su fuskanci wuri ɗaya ba, suna gurzar ƙasa a kaikaice.

Ga lissafi. Tsayin tayar ƙaramar mota ya kai kamar santimita 65. In gabanta ya kauce da santimita 1 kawai, cikin kowane kilomita ana jan ta a kaikaice kamar mita 15. Daga Dakoro zuwa Maradi ya fi kilomita 100. Ke nan ta gurzu fiye da kilomita ɗaya da rabi a tafiya guda. Taya ta cinye, mai ya ƙone a banza. Tayar da ta cinye kuwa tana iya fashewa da mutane cike da mota.

Taya tana nuna ciwon mota. Ku duba da idonku:

1. In gefe ɗaya kawai ya cinye, na ciki ko na waje, ƙafafu ba su daidaita ba.
2. In ka shafa ta ka ji kamar haƙoran zarto, ana jan ta a kaikaice.
3. In gefe biyu suka cinye, tsakiya na nan, iska ce ta yi kaɗan.
4. In tsakiya kawai ta cinye, iska ta yi yawa.
5. In ka tsaya bayan mota ka ga tana tafiya a karkace kamar kare, ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya ya goce daga wurinsa.

Maganin shi ne daidaita ƙafafu. A garejin Maradi ana kiran aikin paralelisim, a Kano da Katsina kuma alaimen. Manyan gareji suna da na'urar awo. Amma makanike na gari yana iya auna tayoyin gaba da alli da magwaji.

Sai ya tsayar da mota a wuri mai tauri, marar gangare. Ya daidaita iskar tayoyi, ya miƙe sitiyari. Ya sa alamar alli a gaban kowace taya, daidai tsakiyar tsayinta, ya auna tsakaninsu. Sai a tura mota gaba har alamun su koma baya, ya sake aunawa. A irin tsofaffin motocin nan da tayoyin baya ke turawa, awon gaba yakan gaza na baya da kaurin ashana ɗaya ko biyu. In bambanci ya wuce haka, sai ya juya sandar da ke haɗa sitiyari da ƙafa har awo ya yi daidai.

Amma a kula. Ba a fara daidaitawa sai an gyara abin da ya lalace. A ɗaga mota, a girgiza taya. In tana wasa, a sake abin da ya saki. In sifirin ya karye ko ya kwanta, a gyara shi tukuna. In ba haka ba, ramin farko zai ɓata aikin, kuɗi su tafi a banza. Mai mota kuma ya faɗa wa makanike duk abin da aka sake a jikinta, don awon da ke cikin littafin mota na tsayinta ne na asali.

Masu amalanke, maganar ta shafe ku. In ƙarfen tayoyi ya lanƙwashe, taya za ta cinye gefe ɗaya, jaki ko sa ya sha wahalar ja. A kai wa mai walda ya miƙe shi.

Mu fasinjoji ma muna da namu aikin. Kafin a shiga mota, a dubi tayoyinta. In direba ya ce lodi ya isa, kada a matsa masa don buhu ɗaya. Rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa direban garinsu.