Kafin Ka Sauya Fok Ɗin Kekenka

Kekunan hawan dutse na gwanjo sun yawaita a kasuwanninmu, kuma abin da ke saurin mutuwa a jikinsu shi ne fok ɗin gaba, mai lotsawa ya shanye gargada. Idan ya sandare, akasari farashi ake fara tambaya. A ganina, awo ne farko.

Tsofaffin kekuna tayarsu inci 26 ce, wuyan fok ɗinsu miƙaƙƙe. Sababbi kuwa inci 27.5 ne ko 29, wuyan mai faɗi daga ƙasa, ba ya shiga tsohon firam. Kada kuma tsawon lotsawa ya ruɗe ka: keken da aka ƙera wa milimita 100, in ka ɗora masa 140, gabansa zai ɗaga, wuyansa ya ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsa.

Masu iska, irin na Fox da RockShox, ba su da nauyi, amma sai da famfo na musamman da sauya mai a kai a kai, ga ƙurar hunturu mai cin robobinsu. Ni dai na fi natsuwa da mai sifirin na Suntour, wanda mai gyaran keken unguwa zai kwance, ya wanke, ya shafa masa giris.