Kantar kayan kallo da sauti: yadda za ka haɗa taka da katako da sandunan ƙarfe huɗu

Duk wanda ya saba shiga kasuwannin bakin iyaka, daga Ƙonni da Illela zuwa Ɗan Isa da Jibiya, har Magarya da Maigatari, ya san kayan lantarki na cikin hajar da ba ta kwantai. Talabijin, dikoda, na'urar DVD, amfilifaya da manyan sifiku kullum suna tsallaka iyaka a cikin kwalaye. To amma sau da yawa ɗan kasuwar da ya san darajar waɗannan kaya a rumfa, idan ka bi shi gida sai ka tarar ya jibga nasa ɗaya bisa ɗaya a kan kwalin da suka zo ciki, ko a kan bencin da ƙafarsa guda ke rawa, wayoyi kuma sun harɗe a baya kamar saƙar gizo-gizo.

A wata bazara na ziyarci wani abokina mai sayar da atamfa. Ya sayi kabad mai ƙofar gilashi, rufaffe ta baya, ya sa amfilifaya a ciki, ya ɗora dikoda daidai kan ramukan da take fitar da zafi, uwargida kuma ta lulluɓe su da ƙyalle mai ado. Muna tsakar kallon ƙwallo sai muka ji ƙauri, sauti ya ɗauke. Da aka kai wa mai gyara, bai daɗe da kwance ta ba ya ce zafi ne ya cinye ta. Kuɗin da abokin nan ya biya na gyara sun isa su haɗa masa kantar da za ta hana aukuwar haka tun farko.

Irin wannan kanta ce za mu yi bayani a kanta yau. Ba ta buƙatar gwanin kafinta, ba ta buƙatar walda, kuma ana iya kwance ta a ɗaure a bayan mota ranar da mutum zai sauya gida ko rumfa.

Me ya sa buɗaɗɗiya ta fi

Kowace na'ura mai aiki da wuta tana fitar da zafi, kuma amfilifaya da sitabilaiza sun fi kowa. Ramukan da ake yi musu a sama da gefe domin iska mai zafi ta fita ne, mai sanyi ta maye gurbinta. A yankinmu, inda zafin watannin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40 a Maraɗi da Damagaram da Ƙonni, na'urar da aka kulle a kabad tana dahuwa ne sannu a hankali, ko da ba ta mutu a ranar ba. Saboda haka kantar da ta dace da mu ita ce wadda ba ta da ƙofa, ba ta da bango ta baya ko ta gefe: faifan katako ne kawai a jere, sandunan ƙarfe huɗu na riƙe da su.

Sandunan nan su ne sirrin aikin. Irin dogon ƙarfen nan ne mai zare tun daga sama har ƙasa, wanda ake murɗa wa noti, ana samunsa wajen masu sayar da kayan gini. Kowane faifan katako ana matse shi tsakanin noti biyu, ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa. Ke nan idan gobe ka sayi na'urar da ta fi ta yau tsawo, sai ka sassauta notin ka ɗaga faifan, ba sai ka koma wajen kafinta ba. Bugu da ƙari, gara ba ta cin ƙarfe. In ma ta yi ginin ƙasarta ta bi sandar za ta hau, a fili za ka gan ta ka kankare.

Auna kafin ka saya

Yawancin amfilifaya da na'urorin sauti na gida faɗinsu wajen santimita 43 ne, wato inci 17. Don haka faifai mai faɗin santimita 60 da zurfin santimita 45 ya wadatar, har da wurin wayoyin da ke fitowa ta baya. Duk da haka ka sa awo ka auna naka kayan, faɗi da zurfi da tsawo, ka rubuta a takarda.

A nan akwai abin da ɗan bakin iyaka ya kamata ya kula da shi. Kafinta na ɓangaren Nijar da santimita yake lissafi, na ɓangaren Najeriya kuma ya fi sabawa da inci da ƙafa. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Idan ka ce masa 24 yana jin inci kai kuma kana nufin santimita, an yi asarar katako. Ka rubuta awon da sunansa, ko ka tsaya a yanka a gabanka.

Haka abin yake ga sandunan. Akwai mai kaurin milimita 16, akwai kuma mai kaurin biyar bisa takwas na inci. A ido kamarsu ɗaya, amma zarensu ya bambanta, notin wannan ba ya shiga wancan sai dai ya ci zaren ya lalata shi. Ka sayi sanda da noti a shago guda, kuma ka gwada murɗawa da hannu kafin ka biya.

Kayan da ake buƙata

Na farko filawud mai kaurin milimita 18. Cikakken fallensa santimita 244 ne a tsawo, 122 a faɗi, abin da ake kira ƙafa takwas da ƙafa huɗu. Idan aka yanka shi 60 da 45, faifai takwas ke fita, har a bar saura. Kanta guda faifai huɗu take ci, ke nan falle ɗaya kanta biyu ne. Kai da maƙwabcinka na rumfa kuna iya haɗa kuɗi ku raba, ko ka haɗa ta biyun ka ajiye a gaban shago a matsayin haja.

Akwai katakon da ake yi da garin itace a matse, wanda ake kira MDF. Yana da sumul da nauyi, fenti na kama shi da kyau, amma da zarar ruwa ya taɓa bakinsa sai ya kumbura, kuma ba ya komawa. A gidan da ake wanke daɓe ko rufi ke yoyo da damina, filawud ya fi. Wanda kuma ya fi son katako na asali, ya tabbatar busasshe ne, domin ɗanyen katakon da aka kawo daga kudu yakan tanƙware ya tsage da zarar hunturu ya buge shi. Araha ba ta ado.

Sai sanduna huɗu masu tsawon mita ɗaya-ɗaya. Sai noti 32 da washa 32, wato ɗan faifan ƙarfen nan mai rami a tsaka da ake sawa ƙarƙashin noti: faifai huɗu, kowane da rami huɗu, kowane rami da noti biyu. Ka ƙara noti huɗu na ƙafafu da ƴan kaɗan na ko-ta-kwana, ka sayi 40. Sai sifana mai lamba 24 guda biyu, samfefa, banish ko fenti, da guntun tsohon tiyub na mota.

Yadda ake haɗawa

A kowace kusurwa ka auna santimita 4 daga baki biyun, ka sa alama. Ka jera faifan huɗu ɗaya bisa ɗaya, ka daidaita bakinsu, ka ɗaure su tam, sannan a huda su gaba ɗaya da injin huda. Wannan shi ne wurin da aikin ke gyaruwa ko ya ɓaci: in aka huda kowane daban, ramukan ba za su yi saiti ba, kantar ta karkace. Ramin ya ɗara sandar kaɗan, milimita 18 ga sanda mai 16.

Ka goge faifan da samfefa, ka rage kaifin kusurwoyi saboda yara, ka shafa banish sau biyu, har da ƙarƙashi da bakin katakon da cikin ramukan, domin ta nan laima ke shiga. Idan za ka rage tsawon sanda, ka fara murɗa noti ya wuce wurin yankan, ka yanka da zarton ƙarfe, sannan ka kwance notin ya fita ta bakin da aka yanka. Shi zai gyara zaren da zarto ya murƙushe.

Ka kwantar da aikin a gefensa bisa tabarma. Kada ka zura duka faifan ta baki guda, za ka yini kana murɗa noti. Biyu na ƙasa su shiga ta ƙasa, biyu na sama ta sama. Tsarin kowane rami ɗaya ne: noti, washa, katako, washa, noti. In ka yanka tiyub daidai girman washa ka sa tsakaninta da katako, zai rage girgiza, ya kuma hana noti sassautawa.

Faifan ƙasa ya tashi santimita 10 daga daɓe, don tsintsiya ta shiga kuma ruwa kada ya same shi. Ragowar tsawon ya ba ka wajen santimita 80 da za ka raba gida uku, misali 28 a ƙasa, 32 a tsakiya, 20 a sama. Kada ka matse notin sai ka tayar da kantar a inda za ta zauna. Ka ɗora faranti da ruwa a kan kowane faifai, ka dinga murɗa notin ƙasa har ruwan ya kwanta daidai ta ko'ina, sannan ka matse da sifana biyu, ba har washa ta nutse cikin katako ba. Notin ƙafafu kuwa da su za ka gyara rashin daidaiton daɓe, ka sa guntun taya a ƙarƙashinsu. Bayan hunturu na farko ka sake bin notin, domin katako na ɗan tsukewa.

Wa zai zauna ina

Mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama. Sitabilaiza a hawan farko. Amfilifaya a na biyu, inda ya fi fili, a bar mata aƙalla santimita 10 zuwa 15 a samanta, kuma kada a ɗora mata komai, ko rimot. Dikoda da DVD a na uku, kusa da juna, ba ɗaya kan ɗaya ba. Kantar kanta ta ja da baya daga bango kamar santimita 10.

Sifiku ba su da wuri a kan wannan kanta. Rugugin sautinsu na girgiza katako, faifan DVD ya dinga tsalle, kuma maganaɗisunsu na ɓata launin tsohuwar talabijin mai ƙeya. Su zauna a gefe, dama da hagu.

Talabijin ma sai an yi tunani. Shafaffiya mai inci 32 faɗinta ya kai wajen santimita 73, mai inci 43 kuma ta kusa mita guda, ƙafafunta ba za su hau faifan santimita 60 ba. Mafi alheri a maƙala ta a bango daidai idon mai zaune. Wanda ya fi son ta zauna bisa kanta, ya yi doguwa gajeriya: faɗi santimita 120, hawa biyu ko uku, da sanduna shida, biyu a tsakiya, in ba haka ba katakon zai yi ciki. Tsohuwa mai ƙeya ta inci 21 takan haura kilo 20, kuma nauyin duk a gaba yake, wajen gilashi. A gidan da akwai yara masu rarrafe da hawa, a ɗaure kanta da talabijin a bango da ƙugiya mai ƙarfi, a kuma rufe kawunan sandunan da roba.

Sai batir. Tun lokacin da Najeriya ta katse wa Nijar wuta a watan Agusta na 2023, kafin a maido da ita a Maris na 2024, mutane da dama suka ƙara dogara da sola da batir a ɗakunansu. Batir mai amfiya 100 nauyinsa wajen kilo 30 ne, kuma irin mai ruwa yana fitar da iskar da ke kama wuta lokacin caji, ga tururin asid mai cin ƙarfe. Kada ya hau kanta. A yi masa nasa katako a ƙasa, can gefe, inda iska ke wucewa.

Wayoyi da filogi

Wutar ƙasashen biyu kusan ɗaya ce, bolt 220 zuwa 230, don haka na'urar da aka saya a Kano za ta yi aiki a Maraɗi. Bambancin a filogi yake: Nijar ta gaji mai haƙori biyu zagayayyu irin na Faransa, Najeriya kuma mai haƙori uku irin na Ingila. Kada a cusa wanda bai dace ba da ƙarfi, kada kuma a zura tsirarar waya a tokare da tsinken ashana. Daga nan gobara ke tashi. A sauya filogin gaba ɗaya, kuɗinsa kaɗan ne. Masu sayen kayan gwanjo su duba rubutun bayan na'ura: wadda aka yi don Amurka ta bolt 120 ce, ta Japan 100, in ba a rubuta tana ɗaukar har 240 ba, wutarmu za ta ƙone ta nan take.

Soket mai baki da yawa a ɗaure shi da sukurori a ƙarƙashin ɗaya daga cikin faifan, kada a bar shi yana yawo a ƙasa. Wayoyin wuta su bi sandar baya ta dama, na sauti da hoto su bi ta hagu, domin in suka cakuɗe sifika kan yi gurnani. Tun da sandunan ƙarfe ne, duk wayar da fatarta ta saɓule a sauya ta, kuma kada a bari noti ya danne waya. Ka liƙa wa kowace ƴar takarda mai sunan na'urarta.

Ƙura da damina

Wani zai ce buɗaɗɗiyar kanta ai gayyar ƙura ce. Gaskiya ne, amma maganin wannan mai sauƙi ne: a ɗinka mata riga da yadi, a lulluɓe ta idan an kashe kaya sun huce, a yaye kafin a kunna. Sau ɗaya a mako a zare filogi a bi ramukan da busasshen buroshi. Buɗaɗɗen wuri kuma ba ya ba ɓera da kyankyaso da tsaka mafaka kamar yadda bayan kabad ke ba su. Da damina, in hadari ya taso da tsawa, a zare filogi da wayar da ta sauko daga dish, domin sitabilaiza ba ta tare aradu.

Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa uwar kuɗi ake fara karewa kafin a yi zancen riba. Kayan kallon da ke ɗakinka su ma dukiya ce da ka tara da zufa a kan hanya. Yini guda na aiki, rabin fallen filawud da sanduna huɗu sun isa su ƙara musu shekaru. Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a kasuwa.