Makaniken da ke rage wa mota ƙarfi

A garejin da ake shirya tsofaffin motocin Amurka don tsere, littafin doka maigida yake fara ɗauka kafin sifana. Mutum zai shigo da Chevrolet Camaro ta 1969 ko Ford Mustang ta 1965, ya kashe mata dukiya, ya sa mata sabon inji mai ƙarfin doki 500 da faffaɗan tayoyi, yana so a shirya ta ya shiga tseren 'yan sha'awa na ƙarshen mako. Makaniken zai zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashi, ya tambaye shi ajin da yake son shiga. Galibi a nan fuskar mai mota take sauyawa, domin bai taɓa tunanin akwai wannan tambaya ba.

Waɗannan motoci, irin su Pontiac GTO da Mustang da suka fito a 1964, an ƙera su ne don su zabura a miƙaƙƙen titi. Babban inji mai silinda takwas a gaba, sifirin mai ganye-ganye a bayan da yawansu, birki kuwa ba a cewa komai. Filin tsere irin Road America da ke jihar Wiskonsin kuma mil huɗu ne mai kwana 14. A irin wannan fili birki yana zafi har ya daina kamawa, baƙin mai yana karkata gefe guda a cikin doguwar kwana, famfo ya zuƙi iska, inji ya buga. Don haka dole a taɓa motar. Wahalar ita ce kowace taɓawa tana da farashi a littafin doka.

Manyan ƙungiyoyin da ke shirya wannan tsere a Amurka biyu ne. Akwai SCCA, wadda aka kafa a 1944, da NASA ta 1991, wadda ba ta da haɗi da hukumar sararin samaniya sai kamar suna. Akwai kuma ƙungiyoyin tsofaffin motoci irin SVRA. Kowacce da yadda take kallon mota. A yawancin azuzuwan SCCA ƙa'idar ita ce duk abin da littafi bai ce an halatta ba, to haramun ne. Ajinta na American Sedan an yi shi ne don Camaro da Firebird da Mustang na baya-bayan nan, ba na 1969 ba. Motar mutumin namu, da sabon injinta da ƙafafun zamani, sai ta tsinci kanta a ajin GT1, inda za ta kara da motocin da aka ƙera da bututun ƙarfe tun daga tushe, waɗanda ba su taɓa taka titin gari ba. Za su zagaye ta su sake riskarta kafin a tashi. Ya juya wajen masu tsofaffin motoci, su kuma su ce sai ta koma yadda ake tsere da ita kafin ƙarshen 1972: kafireto, injin zamaninta, taya daidai da na lokacin. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

A nan gwanintar makaniken take. Yana karanta doka yadda lauya yake karanta takardar gado, yana neman ajin da zai sa a cire abu mafi ƙaranci. Sau da yawa yakan tsaya a NASA, domin ita ba ta cika damuwa da wane inji ka sa ba, lissafi take yi: nauyin mota a raba da ƙarfin inji. Ajinta na American Iron ya taɓa daɗewa a kan laba 9.5 ga kowane doki ɗaya. Motar da ta kai laba 3,200 da direba a ciki, wato kimanin kilo 1,450, ba za ta wuce doki 337 ba. Mai doki 500 kuwa sai motarsa ta kai laba 4,750, abin da ba mai hankalin da zai yi. Saboda haka sai a shaƙe injin. A sa masa farantin da ke rage iskar da yake zuƙa, ko a gyara kwamfutarsa, a ɗora motar a kan na'urar auna ƙarfi a yi ta gwadawa har lamba ta faɗo ƙasa da iyaka. Idan nauyi ya gaza, a ɗaure dunƙulen dalma da ƙusoshi a ƙasan mota, a gefen da babu direba, don ƙafafu huɗu su raba kaya daidai. Ni dai ban san wata sana'a da ake biyan mutum ya rage wa abu ƙarfi ya kuma ƙara masa nauyi, mai kaya yana godiya ba.

Abin da ba a ciniki a kansa shi ne kare rai. Ana kwashe kujeru da shimfiɗa, mai walda ya shiga ya gina keji na bututun ƙarfe a cikin motar, kaurin bututun gwargwadon nauyinta. Waldar nan sai ta zagaye kowace mahaɗa, har saman da ke manne da rufi inda hannu ba ya kaiwa, shi ya sa wasu ke huda ƙasan motar su sauke kejin su walde sannan su ɗaga. Sai tankin mai na musamman, da abin kashe gobara, da makunnin da ke yanke wuta baki ɗaya, da raga a taga. In mai duba mota ya gamsu, ya ba ta littafin shaida wanda zai bi ta duk inda ta je.

Mai duba motar nan yana da dalilin rashin yarda da kowa, kuma tarihi ne ya koya masa. A gasar Trans-Am da SCCA ta fara a 1966, an ƙayyade girman inji a lita 5. Wannan doka ce ta haifi Camaro Z/28 a 1967 da Mustang Boss 302 a 1969, masu injinan da aka yanka daidai iyaka. Ƙungiyar Roger Penske, da direbanta Mark Donohue wanda shi kansa injiniya ne, ta tsoma bodin Camaro a cikin asid don ƙarfen ya sirance, motar ta yi sauƙi. A Sebring a 1968 suna da motoci biyu, ɗaya halastacciya, ɗaya mai sauƙin nan. Sai suka kai halastacciyar wajen dubawa sau biyu, suna sauya mata lamba. Donohue da kansa ya ba da labarin a littafinsa na 1975. Makanikai suna son wannan labari ƙwarai, kuma kowannensu zai rantse maka cewa shi ba ya yin haka.

Yau bayan an gama tsere, motocin da suka zo kan gaba ba sa komawa rumfa. Ana tsare su a wani fili, a hau da su kan sikeli da direba a ciki, gumi da komai. Mota ta ƙone mai a hanya, ta yi sauƙi. Idan ta gaza ko da laba ɗaya ce, nasara ta tafi. Shi ya sa makaniken kirki yake lissafa man da za a sha a zagaye nawa, ya bar rarar laba goma ko ashirin, domin sikelin garejinsa da na filin tsere ba lallai su yi magana ɗaya ba. Da safen ranar tsere za ka gan shi ya tura motar kan sikelin alƙalai tun kafin layi ya yi tsawo, ya rubuta lambar a bayan hannunsa, ya koma rumfa ya ɗauko jarkar mai.