Idan Yara Suka Kwanta, Wa Ke Gadinsu?

Shirin namu na yau zai leƙa gidajen renon yara ne, a daidai lokacin da gida ya yi tsit, wato lokacin barcin rana.

Bari mu fara da Ingila. A ranar 9 ga Mayu, 2022, a wani gidan reno da ke yankin Stockport, kusa da birnin Manchesta, an kwantar da wata jaririya 'yar wata 9. Wadda ta kwantar da ita ba sabuwar hannu ba ce, mataimakiyar shugabar gidan ce, ta shekara 17 tana wannan aiki. Ta naɗe yarinyar tam da zane, ta kifa ta rub da ciki a kan wani ƙaton matashi mai laushi wanda jiki ke nutsewa a cikinsa, ta ɗaure ta da ɗamara, ta lulluɓe ta da bargo. Kyamarar da ke ɗakin ta ɗauki komai. Yarinya tana kuka, tana ƙoƙarin ɗaga kai, babu wanda ya ɗauke ta. Haka aka bar ta har awa ɗaya da minti 37. Ku sake ji da kyau, awa ɗaya da minti 37. Da aka zo kanta, ba ta motsi, daga baya aka tabbatar rai ya yi halinsa.

A watan Mayun 2024 kotu a Manchesta ta yanke wa matar hukuncin ɗaurin shekara 14. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne lissafin da ya fito a gaban alƙali. Dokar Ingila ta ce duk yara uku 'yan ƙasa da shekara biyu, sai da mai reno ɗaya. A ranar nan, mutum biyu ne ke kula da jarirai 11. Wannan bai wanke matar ba ko kaɗan, zalunci ta yi. Sai dai da akwai isassun hannuwa da idanu a ɗakin, da wuya a ce babu wadda za ta sunkuya ta ɗaga bargon nan.

To me ya sa ake rage ma'aikata idan yara sun kwanta? Dalilin a fili yake. Masu reno mutane ne, suna buƙatar cin abinci da ɗan hutu, kuma albashinsu ne ke cinye mafi yawan kuɗin gidan. A jihar Kalifoniya ta Amurka, malami ɗaya na riƙe yara 12 'yan shekara biyu zuwa sama. Idan sun yi barci, doka ta yarda ya riƙe 24, bisa sharaɗin sauran malaman suna cikin gidan, ana kira su amsa. Ga yaro ɗan shekara huɗu da ya gaji da wasa, ban ga laifin wannan ba.

Jariri fa? Nan zance ya sha bamban. A shekarar 2000, wata likitar yara, Rachel Moon, da abokan aikinta sun bi diddigin jarirai 1,916 da suka mutu farat ɗaya cikin barci a jihohi 11 na Amurka. Ɗaya cikin biyar a hannun masu reno suka rasu, ba a hannun iyaye ba. Wani abin da likitoci suka gano kuma shi ne, jaririn da ya saba kwanciya rigingine a gida, idan aka kifa shi rub da ciki a wani wuri, haɗarinsa ya ninka sosai, domin bai saba ɗaga kai ya nemi iska ba. Mai reno na iya kifa shi da kyakkyawar niyya, don ta ga ya fi daɗewa yana barci. Tun 1994 ake ta yekuwa a Amurka cewa a kwantar da jariri a kan bayansa, kuma irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi.

Shi ya sa a 2020 Kalifoniya ta ƙara tsaurara doka: jariri mai barci a duba shi duk bayan minti 15, a kuma rubuta. Ba leƙe daga bakin ƙofa ba. A matsa kusa, a ga ƙirji yana ɗagawa yana sauka, a duba ko fuska ta yi ja, ko jiki ya ɗau zafi, ko numfashi na fita da ƙyar. Uwar da ta goya ɗanta tana jin numfashinsa a bayanta ko ba ta waiwaya ba. Wadda ke tsaron gadaje goma kuwa sai ta tashi ta taka.

Lokaci na hararar mu. A Kano, Kaduna, Abuja da Yamai, iyaye mata masu aiki na ƙara kai jarirai gidajen reno. Iyaye, kafin ku miƙa ɗanku, ku je wurin da rana tsaka, ba da safe ba. Ku ƙirga yaran da ke kwance, ku ƙirga manyan da ke cikin ɗakin. Ku tambaya wa ke karɓar mai reno idan ta tafi salla ko cin abinci, kuma a kan me ake kwantar da jariri. Idan aka hana ku shiga ɗakin barci, ku ɗauki ɗanku ku nemi wani wurin.