Filin ƙwallon lambu na Ikoyi: tarihin maƙwabcin Obalende da ba mu cika sani ba

Duk wanda ya zauna a Obalende ya san dogon shingen nan da ke cikin Ikoyi, wanda in ka leƙa sai ka hango ciyawa shar kamar ba a Legas kake ba. Na yi shekaru ina wucewa ta wurin. Ran nan ɗana ya tambaye ni, "Baba, gonar wace ce wannan da ba a shuka komai?" Na yi dariya, amma tambayar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in kawo mana tarihin wurin.

Filin na ƙungiyar Ikoyi Club 1938 ne. Lambar da ke jikin sunan ita ce shekarar da aka haɗe kulob biyu na Turawan mulkin mallaka, wato kulob ɗin Turawa da kulob ɗin golf na Legas, suka zama ɗaya. A lokacin Ikoyi unguwa ce da aka keɓe wa Turawa, ruwa ya kewaye ta, teku kuma na kusa, iskarsa na kaɗawa. Har magudanar ruwa aka haƙa, wadda ake kira MacGregor, ta raba ta da tsibirin Legas inda baƙar fata suke.

To ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne maƙwabtaka. Tun 1863 Baturen nan Glover ya kafa rundunar da aka sani da Hausawan Glover a Legas, kuma sojojin Hausawa na zamanin Turawa na cikin waɗanda suka fara zama a Obalende. Sunan ma da Yarbanci yana nufin sarki ne ya koro ni nan. Ga kuma barikin Dodan a gefe, inda shugabannin soja suka mulki ƙasar nan har zuwa 1991 da aka koma Abuja. Ka ga ke nan kakanninmu da wannan fili sun daɗe suna kallon juna ta kan shinge.

Shi wasan, wanda Bahaushe ke kira ƙwallon lambu, ba shi da wuyar fahimta. Ramuka 18 ne a warwatse cikin fili. Ɗan wasa zai bugi 'yar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami, sannan ya wuce na gaba, kuma wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Doka ba ta yarda mutum ya ɗauki sanduna fiye da 14 ba, kuma yawanci akwai mai ɗaukar masa jakar. Wannan mai jaka ba ɗan dako ba ne kawai: shi ya san inda ƙasa ta karkata da inda iska ke kaɗawa, shi ke ba da shawarar sandar da ta dace.

A da, bakin ramukan Ikoyi ba ciyawa ba ce, yashi ne da aka cakuɗa da mai ana share shi ya yi sumul. A kan wannan yashi aka yi gasar Nigerian Open, wadda aka fara a 1969, 'yan wasan Turai na zuwa lokacin da sanyi ya hana su wasa a gida. A nan Sandy Lyle na Scotland ya ci kofinsa na farko a matsayin ƙwararre a 1978, kafin ya je ya lashe manyan gasannin duniya. A 1981 wani ɗan Ingila, Peter Tupling, ya gama zagaye huɗu da bugu 255, abin da ya zama tarihi a duniya a lokacin. Vijay Singh ɗan ƙasar Fiji ya ci gasar a 1988 da 1989, kuma a 2004 ya zama na ɗaya a duniya. Duk a nan bayan gidanmu, jama'a!

Bayan samun 'yanci a 1960, kulob ɗin ya koma hannun 'yan ƙasa sannu a hankali. Yau mambobinsa manyan 'yan kasuwa ne, ma'aikatan banki, lauyoyi, tsoffin hafsoshi da baƙi 'yan ƙasashen waje, har da 'yan Arewa. Shiga sai da kuɗi, sai kuma wani mamba ya tsaya maka. Launin fata ya daina zama shamaki, amma aljihu bai daina ba.

Abin da nake so mu duba shi ne yaranmu. A ƙasashe da dama, har da tamu, ƙwararrun 'yan wasa da yawa daga ɗaukar jaka suka fara. Masu kula da ciyawa da masu koyar da wasan su ma sana'a ce ke ciyar da su. In yaro ya nuna sha'awa, kada mu ce wasan masu kuɗi ne mu kashe masa gwiwa. A dai haɗa masa da makaranta. Sannan dattawanmu na Obalende da suka ga zamanin yashi da mai, mu zauna da su mu ɗauki labarinsu tun suna raye, don allunan kulob sunan masu kofi kawai suke ɗauka.

Ɗana kuwa na ba shi amsa. Yanzu cewa yake sai na kai shi ya ga ramin da idonsa.