Ɗigo-Ɗigo: Yadda Masu Bincike Ke Koya Wa Noman Rani Tattalin Ruwa

Da zarar damina ta ɗauke, hankalin manomanmu kan koma fadamu da bakin madatsun ruwa. Tumatirin miyarmu, da albasa da tattasai da alkama, yawancinsu amfanin noman rani ne. Sai dai ruwan da ake dogara da shi ba ya ƙaruwa, mu kuwa kullum ƙaruwa muke yi. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya janye matuƙa bayan farin shekarun 1970 da 1980. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari na ruwan da ɗan Adam ke ɗiba daga koguna da tafkuna da ƙarƙashin ƙasa, gona yake tafiya. Don haka duk mai son tattalin ruwa, daga gona zai fara.

Ina ruwan yake zuwa?

Mun saba ganin manomi ya tayar da inji, ruwa ya bi magudana ya cika fangali. Idan muka ga fangali ya cika fal sai mu ɗauka shuka ta sha ta ƙoshi. Amma wani kason ruwan ya tsiyaye a hanya tun kafin ya iso. Wani rana ta ƙafar da shi ya koma sama a matsayin tururi. Wani kuma ya nutse can ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa, musamman a jigawa mai yawan rairayi, ya tafi da takin da aka saya da tsada.

Ƙiyasin da FAO ke koyarwa shi ne, a ban ruwa na malala, kusan kashi 60 cikin ɗari ne ke amfanar shuka. A na feshi kusan kashi 75, a na ɗigo kuwa kusan kashi 90.

Mu ɗauko biro mu gwada. Milimita ɗaya na ruwa a kan hekta ɗaya daidai yake da lita 10,000. Mu ƙaddara shuka tana buƙatar milimita 6 a rana, wato lita 60,000. Mai ban ruwa na malala sai ya jawo lita 100,000 kafin shukarsa ta samu wannan adadi. Mai na ɗigo kuwa lita 67,000 ta kusan isar masa. Bambancin ya kai jarka 1,300 mai cin lita 25, a rana ɗaya, a hekta ɗaya. Ga kuma kuɗin man fetur ɗin da aka ƙona wajen jawo ruwan da ya salwanta.

Daga famfo mai yoyo

Ban ruwa na ɗigo na zamani ya samo asali ne daga lura. Wani injiniyan ruwa mai suna Simcha Blass ya ga wata bishiya ta fi 'yan uwanta girma alhali babu mai ba ta ruwa. Da aka tona sai aka tarar da bututu yana yoyo a gindinta. Shekaru bayan haka, da roba ta wadata, ya ƙera ɗan abin da ke rage ƙarfin ruwa ya fitar da shi ɗigo-ɗigo. A 1965 aka kafa kamfanin Netafim a hamadar Negev ta Isra'ila domin ƙera waɗannan kaya.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Ana shimfiɗa siririn tiyo a kan layin shuka, da ƙofofi a daidai gindin kowace. Ruwa na sauka a hankali, ƙasa na shanye shi a inda saiwa take. Tsakanin layuka ya zauna a bushe, ciyawa ta rasa abin sha. Ana ma iya narka taki a cikin ruwan ya isa gindin shuka kai tsaye.

Matsalar ita ce kayan farko an yi su ne don manyan gonaki masu injuna da lantarki. Ina ƙaramin manomi mai ɗan lambu a bayan gari zai samu wannan?

Amsar da ta fito daga Sadore

A Sadore, kudu da Yamai a Jamhuriyar Nijar, akwai reshen cibiyar ICRISAT, wadda aka kafa a Indiya a 1972 domin binciken amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwa. A farkon shekarun 2000, Farfesa Dov Pasternak da abokan aikinsa suka gwada wani tsari a can da suka kira lambun kasuwa na Afirka. Maimakon babban inji, sai a ɗora tanki ko a gina tafki a ɗan tudu, kimanin mita ɗaya sama da lambun. Nauyin ruwan da kansa ke tura shi cikin tiyo. Wannan shi ne darasin matsin ruwa da muke yi a ajin fiziks, ya fito fili yana shayar da latas. Suka haɗa tsarin da zaɓen irin kayan lambu masu jure zafi da koyar da manoma.

An kai irin wannan tsari gundumar Kalale a arewacin Benin, inda ƙungiyoyin mata suka yi amfani da famfo mai aiki da hasken rana. Binciken da Jennifer Burney da abokan aikinta suka wallafa a 2010 ya nuna cewa kuɗin shigar gidajen matan ya ƙaru, kuma iyalansu sun ƙara cin kayan lambu har a tsakiyar rani.

Shinkafa ma an taɓa ta

Mun taso muna jin cewa shinkafa sai cikin ruwa tsundum. Cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke ƙasar Filifin, ta nuna cewa ana iya barin fangali ya ɗan tsane kafin a sake cika shi. Abin aunawar guntun bututu ne mai tsawon santimita 30 da aka huhhuje, a kafa rabinsa a ƙasa, a kwashe ƙasar cikinsa. Manomi ya riƙa leƙawa. Sai ruwa ya sauka santimita 15 ƙasa da doron ƙasa sannan ya sake ban ruwa. Lokacin da shinkafa ke fure ba a bari ta tsane. Wannan hanya kan rage ruwa har kusan kashi 30 cikin ɗari ba tare da amfanin ya ragu ba. Ku duba darajar wannan ga manoman Kadawa da Kura, masu shan ruwan madatsar Tiga, inda na ƙarshen magudana kan jira abin da na gaba ya rage.

Ba a rasa ƙalubale

Masu binciken da kansu sun nuna inda gizo ke saƙa. Ƙofofin tiyo ƙanana ne, laka da gansakuka na toshe su, don haka dole a sa matata kuma a riƙa wanke ta. Ɓeraye na huda tiyo don neman ruwa. Kuɗin sayen kaya a karon farko ya fi ƙarfin manoma da yawa, sai dai su haɗu a ƙungiya. Idan ruwan yana da gishiri, gishirin kan taru a gefen inda ɗigon ke jiƙawa. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Manomin da ya ga ruwansa ya yi saura yakan faɗaɗa gona, ƙarshe ruwan da ake ɗiba daga ƙasa bai ragu ba. Saboda haka na'ura kaɗai ba ta isa ba, sai da yarjejeniya kan yawan abin da kowa zai ɗiba.

Bincike bai raina hikimar gida ba. Ramukan tassa da manoman yankin Tawa ke haƙawa su zuba taki don su riƙe ruwan sama, waɗanda ake kira zai a Burkina Faso, masana sun auna su sun tabbatar da amfaninsu. Marigayi Yacouba Sawadogo, manomin da ya farfaɗo da su a ƙasarsa, ya samu lambar yabo ta duniya ta Right Livelihood a 2018.

Gwajin da za mu iya yi a makaranta

Ba sai mun jira mun shiga jami'a ba. Ku nemi izinin malamin aikin gona, ku gyara fangali biyu masu girma ɗaya, ku dasa tumatir iri ɗaya, adadi ɗaya, rana ɗaya. A na farko ku riƙa ban ruwa kamar yadda aka saba. A na biyu ku binne sabon tulun ƙasa marar fenti har wuya a tsakiyar shukokin, ku cika shi da ruwa ku rufe bakinsa saboda sauro. Ruwa zai riƙa tsattsafowa ta jikin tulun, kuma yakan fi fita idan ƙasar ta bushe. Ku auna duk ruwan da kuka zuba da bokiti guda, ku rubuta a littafi kullum. Ranar girbi ku auna nauyin tumatirin kowane fangali, ku raba shi da litar da ya sha. Wanda ya fi ba da tumatir a kan kowace lita shi ya ci gasa.

Irin wannan tambayar ce masana ke bi a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello, mai tashar gwajin ban ruwa a Kadawa, da Cibiyar Noman Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero. Ƙofar shiga waɗannan wurare ita ce lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji da ke cikin jadawalinmu na wannan zango. Idan ajinku ya yi gwajin tulun, ku aiko wa wannan shafi da alƙalumanku, mu ga makarantar da za ta fi samun tumatir daga lita ɗaya.