Na'urar Wasan Bidiyo: Me Ke Cikin Akwatin?

Tun zamanin da Alƙalawa take babban birnin Gobir, kafin faɗuwarta a 1808, manya da yara suna gwada kaifin basira a wasan dara. A yau matasa a garuruwa irin su Sabon Birni da Isa suna yin irin wannan gasa gaban talabijin, da na'urar wasan bidiyo. Ya kyautu ɗalibi ya san yadda take aiki.

Mu ɗauki PlayStation 2, wadda kamfanin Sony na Japan ya fitar a shekarar 2000. An sayar da fiye da miliyan 155 kafin a daina ƙera ta a 2013, shi ya sa tsofaffinta suka yawaita a kasuwa. Wannan na'ura kwamfuta ce da aka keɓe wa aiki guda. Wasan yana rubuce a kan faifai, wani siririn haske yana karanta shi, ƙwaƙwalwar na'urar tana lissafa motsi, sannan ta aika hoto zuwa talabijin. Akwai linzami mai maɓallai da ake riƙewa a hannu, wanda yakan girgiza idan an yi karo, da katin ajiya mai megabayit 8 don adana inda aka tsaya.

Abokan gabanta a yankinmu uku ne. Ƙurar hunturu tana rufe idon da ke karanta faifai. Zafin bazara yana fin ƙarfin fankar da ke sanyaya ta. Na uku shi ne wuta: lantarkin Nijeriya bolt 230 ne, na Amurka 120, na Japan 100. Babbar samfurin farko da aka ƙera don waɗannan ƙasashe, in aka jona ta ba tare da taransifomar rage ƙarfi ba, nan take za ta ƙone. Saboda haka a duba rubutun da ke bayanta tukuna.

Sauran aikin kuwa a jikin mai wasa yake. Ido ya ga ƙwallo, jijiya ta kai saƙo ƙwaƙwalwa, ita kuma ta umarci yatsa, duk cikin kimanin rubu'in daƙiƙa. Malami na iya gwada wannan a aji: ya saki rula tsakanin yatsun ɗalibi, a auna inda ya cafke ta.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Mai zura wa allo ido yakan rage ƙiftawa, idon ya bushe ya yi zafi. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, wato idan wasa ya rinjayi karatu da sauran harkokin rayuwa har mutum ya kasa dainawa. Ɗalibin da jarrabawa ke gabansa ya yanka wa wasa lokaci, ya riƙa hutar da ido, kada kuɗin littafi su ƙare a shagon wasa.